Hon Biyu a Falo

"…da gajiyar zaman banza, Ango?"

"Gajiya ta bi lafiya, Amarya. Ke ce dai da gajiyar tsira wa bayin Allah allura."

Tsohon direba yana zaune a kujerarsa ta bakin taga, wadda sosonta ya lotsa daidai jikinsa. Jikarsa, ma'aikaciyar jinya da ke zaune tare da su, ita ce ta fito da mayafi a kafaɗa da kwali a hannu. Yana ganin kwalin gabansa ya faɗi, don ya san na kwamfutar wasan nan ne ta hannu, mai allo a tsakiya da maɓallai hagu da dama. Tun da 'ya'yansa suka haɗa baki da likitan ido suka karɓe masa makullin mota, ita kaɗai ta rage masa. Da zarar yarinyar ta fita aiki, sai ya lallaɓa ya ɗauko ta, ya buɗe gem ɗin tuƙa tirela da ya taɓa leƙawa ya ga tana yi, ya kama hanya. A zatonsa ba wanda ya sani, har matarsa da ke wuni a kicin.

Ya ce, "Ina zuwa da kwali haka? Kayan aurenki kika fara kwashewa?"

"Shago zan kai ta, in musanya da waya. Ta gaji, kamar wani da na sani."

"Me ta yi miki?"

"Batirinta ya mutu. In bar ta cike da caji da safe, in dawo in tarar babu ko ɗigo, ga zafi kamar dutsen guga. Ko dai aljanu gare mu a gidan nan?"

"Akwai aljana ɗaya, tana sa fararen kaya tana fita da asuba."

"Ita wannan tana da aikin yi. Wanda nake zargi zaman kashe wando yake yi."

Tsoho ya gyara zaman tabarau ya yi tarin da ba shi da dalili. Waya! Shi da babban yatsansa ke danna harafi uku a lokaci guda, ina zai tuƙa tirela a kan gilashi?

"Haka kuke, yaran yanzu. Abu ya ɗan yi tari, sai kasuwa. Ni ma ki haɗa da ni mana."

"Kai wa zai saya? Ko da caja aka haɗa ka kyauta, sai an dawo mini da kai kafin la'asar."

"Ni? A zamanina, in na shigo gari, 'yan mata har kan titi suke fitowa."

"Gudun hayaƙin motarka suke yi, Ango. Kaka ta gaya mini."

"Kakarki ba ta da shaida. Ita ce a sahun gaba."

Ta yi dariya ta zauna a hannun kujerarsa, ta zaro kwamfutar daga kwali. Ta ce bari ta goge abin da ke ciki kafin ta miƙa wa mai shago. Ta kunna, ta shiga gem ɗin, sai ta tsaya cak. Ga tirela nan a allo, an gyara mata tsayuwa a gefen titi, a gindin wani dogon hawa, sigina biyu suna ƙiftawa, inji yana aiki a hankali.

"Ikon Allah. Ni dai na san a cikin rami na bar motar nan, tayoyinta suna kallon sama."

"Ai kin saba. Ko keken marasa lafiya aka ba ki sai kin kifar."

"Aljanin nan direba ne, ka gani? Har sigina ya sa."

"Aljani mai tarbiyya ke nan."

"Amma matsoraci ne. Dubi ɗan hawan da ya gagare shi. Ya zo gindi ya laɓe kamar kaza."

"Matsoraci? Wane mahaukaci ne zai hau wannan hawan da lodi, inji yana kuka haka? Sai an tsaya ya huce tukuna!"

Maganar ta riga ta fita. Ya so ya mayar da ita, ba hali. Jikar ta juyo a hankali ta zuba masa ido, shi kuma ya shiga duban silin kamar yau ya fara ganinsa.

"To, aljani. Wane inji ne yake kuka?"

"Ba ki ji ba? In an daɗe ana tafiya sai ya fara huci, iska mai zafi tana fitowa ta sama. Sai in gangara gefe in bar shi a sulo, yana aiki a hankali, in jira."

"Har yaushe?"

"Har ya huce. Sai dai shi wannan ba ya hucewa, mutuwa yake yi. Injin zamani, ba ƙwari."

Dariya ta kwashe ta har ta zamo daga hannun kujera ta zauna a ƙasa, tana share hawaye da bakin mayafi.

"Wayyo cikina! Ango, ba tirelar ce ke kuka ba, fankar kwamfutar ce! Gem ɗin ya yi mata nauyi. Ko kana gudu ko kana tsaye, ita tana nan tana zana maka bishiyoyi da gajimare da inuwar kowane ganye. Tsayuwarka ba ta rage mata komai."

"Wato duk jiran da nake yi…"

"Batirina kake sha, kana zaune kamar mai gadi."

Kunya ta kama shi, irin wadda ya daɗe bai ji ba. Amma a ransa ya san ba don injin kaɗai yake tsayawa ba. Yana son tsayuwar. Tana tuna masa da tsohuwar motarsa mai jan kai, yadda yake faka ta a gindin hawa, a sa dutse a bayan taya, ya jiƙa tsumma ya ɗora a murfin lagireto, ya zauna a inuwarta ya buɗe fulas ɗin shayin da matarsa ta cika masa. Lokacin idonsa yana karanta lambar mota tun daga nesa, kuma akwai masu jiran dawowarsa. Yanzu kullum yana gida, wa zai jira wanda bai fita ba? Abin yana ci masa rai, bai taɓa gaya wa kowa ba.

Ya ce, "To tunda lafiyarta lau, sai a mayar da kwali."

"A'a. Ko ba aljani, ta gaza. Sababbin gem ɗin da nake so duk sarƙewa suke yi, hoto yana tafiya yana tsayawa kamar mai ciwon gwiwa."

"Ba a rage mata kaya?"

"Ana ragewa. A cire inuwa, a rage ganye, a rage kaifin hoto. Sai ta yi gudu, ta daina zafi, batir ya daɗe. Amma komai sai ya koma dishi-dishi, ni ko kallo ba na iya yi. Tsaya ka ga muninsa."

Ta danna nan ta danna can, kukan fankar ya lafa. Ta miƙa masa. Ya kawo allon kusa da hanci, ya nisanta shi, ya ɗaga tabarau ya sauke.

"To ki canza mana, ina jira."

"Na canza ai."

"Me kika canza?"

Ta dubi allon, inda bishiyoyi suka koma kamar an shafa su da yatsa, ta dubi farin da ya fara rufe masa ƙwayar ido. Ita da ke duba marasa lafiya kullum, ba ta san abin ya kai haka ba. Tsoho ya gane kallon tausayi take masa, shi kuwa ya fi son zagi a kan tausayi.

"Ke ma haka nake ganinki, Amarya. Shi ya sa har yau ban sake ki ba."

"Kai, tsohon nan! Allah ya shirye ka!"

Ta kai masa dukan wasa a kafaɗa, tana dariya. Ta tashi ta jawo caja ta jona a bangon da ke bayan kujerarsa, ta tura kwalin ƙarƙashin tebur da ƙafa.

"Na sallama. Riƙe ta, sadakinka ne na mayar maka. Amma in na sake ganin ka laɓe a gindin hawa, zan ƙwace lasisi."

"An riga ki."

Ya riƙe kwamfutar da hannu biyu, yadda ake riƙe sitiyari.

"Abu ɗaya ya gagare ni. Na danna komai, na kunna fitila, na kunna mai share gilashi, ban samu ba. Ina hon yake?"

"Hon? Wa za ka kora a hanya?"

"Ke dai nuna mini."

Ta kama babban yatsansa ta ɗora a kan ɗan maɓallin hagu mai juyawa, ta ce ya danna shi ciki. Ta ƙure masa muryar kwamfutar. Ya danna sau biyu, gajere da dogo, yadda ya saba yi a ƙofar gida duk ranar da ya dawo daga tafiya.

Ƙarar cokali a kicin ta tsaya. Sai muryar Kaka ta fito, ba tare da ta ko leƙo ba.

"Sannu da hanya, Direba! Ga ruwan wanka nan na ɗora."

Tsoho ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga, yana dariya, ya ƙi yarda su haɗa ido da jikarsa.

"Kin ji ko, Amarya? Matsa mini, an san na dawo."