Kujerar da ta Dafa Ni a Hanyar Illela

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je karɓar wa ƙanena aure a wani ƙauye bayan Illela ba. Ko na so in manta ma, mutanen ƙauyen ba za su bar ni ba. Shekara uku ke nan, amma har yau in na haɗu da ɗayansu a kasuwar Konni, kafin ya tambaye ni iyali sai ya tambaye ni yaya bayana yake.

Ni ɗan kasuwar albasa ne. Shekara ashirin ina loda buhuna daga Galmi ina turawa kudu, ina hawan wata tsohuwar mota da ƙofar direbanta ba ta buɗuwa sai daga waje. A shekarar da abin ya faru Allah ya buɗa mini, na ce ni ma lokaci ya yi da zan shiga motar da in na tsaya za a san an tsaya. Na je wurin Alhaji Iro, mai sayar da motocin da ake kawowa daga bakin teku, ya nuna mini guda biyu da ya ce su ne daidai ni.

Ta farko katkat ce, wato jif, baƙa, mai tsayi, kujeru bakwai, irin wadda ba ta san rami ba, ba ta san rairayi ba. Ta biyu farar mota ce shimfiɗaɗɗiya, ta kwanta a ƙasa har kaza ba za ta iya bi ta ƙarƙashinta ba, kujerunta na fata, in aka tayar da ita tana gurnani. Alhaji Iro ya shafa bayanta ya ce, "Wagga, kahin ka gama bisimilla ta kai ka Tsarnawa." Tun daga nan zuciyata ta tafi.

Dalilina ba mai kyau ba ne, kuma na san da haka. Kowane alhaji a Konni katkat gare shi. In aka jera su a wurin suna, sai ka danna makulli ka ga wadda ta yi ƙyafta ido kafin ka gane taka. Ni kuwa so nake in wuce a ce, "Wane ne wancan?"

Matata Hajiya Balki ta zo ta ga motocin, ta zagaya farar sau ɗaya, ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Alhaji, ɗiyanmu shida. Gonarka ba bisa kwalta take ba. Kuma kai da cikinka wanga, in ka shiga ciki wa za shi hiddo ka?"

Na ce mata harkar mota ba harkar mata ba ce. (Wannan maganar, ku riƙe ta, za mu dawo kanta.)

Da Alhaji Iro ya ga na kasa yanke shawara, sai ya ce in ɗauki kowace in yini da ita, wadda ta kwanta mini in saya. Ranar Alhamis na ɗauki katkat na je gona. Ta ratsa rairayi, ta haye kwari, ta ɗauko ni da buhu huɗu na iri, ba ta yi ko tari ba. Na dawo ina jin haushi don na rasa laifin da zan ɗora mata. Farar kuwa na ajiye ta sai Asabar, ranar ɗaurin aure, ranar da akwai masu kallo.

Bari in gaya muku yadda auren yake, don ku san abin da na kusa ɓatawa. Ƙanena Sha'aibu malamin lakwal ne, wato makarantar boko, an tura shi ƙauyen, a can ya ga Hadiza. Mahaifinmu ya rasu, ni ne wakili. Dangin yarinyar manoma ne masu riƙe mutuncinsu, kuma tun farko suna ganin mu 'yan birni ne masu raina mutane. Ba su yi ƙarya ba gaba ɗaya: ranar da matanmu suka kai gaisuwa, wata yayarmu ta ƙi shan ruwan rijiyarsu, ta fito da na gora daga jaka. Wata biyu aka yi ana ba da haƙuri kafin maganar aure ta dawo. Saboda haka daren Juma'a Sha'aibu ya kira ni.

"Yaya, don Allah in kun tai, ku zamna inda sunka zamna, ku sha abin da sunka sha."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, ni ba yaro ba ne.

Asabar da hantsi na sa sabuwar shadda ruwan sararin sama, malum-malum, ta sha sitati. Lokacin tsakiyar bazara ne, zafin da ko kadangare neman inuwa yake. Na biya na ɗauki Kawu Mijinyawa, ƙanen mahaifiyarmu, dattijo mai shekara saba'in da wani abu, wanda bai iya magana a hankali ba tun da aka haife shi. Shigata motar ma sai da na cire hula na naɗe riga, na saki jiki na faɗa kujera kamar buhu.

Muna fita Konni na fara nuna masa gwaninta. Gaban motar cike yake da maɓallai, ni kuwa ban san aikin ko rabinsu ba, amma ba zan ce wa Kawu ban sani ba. Na danna wannan gilashi ya sauka, na danna wancan waƙa ta tashi. Sai na ga wani maɓalli mai hoton kujera da wasu layuka uku suna tashi sama kamar iska.

"Kawu, ka ga wanga? Kujera yaka sanyayawa. Iska na hita ta ƙarƙashinka."

"Ikon Allah. To sa muna."

Na danna nawa sau ɗaya, 'yan fitilu uku jajaye suka kama. Na miƙa hannu zan danna nasa, ya ce a'a, shi sanyi na tayar masa da ciwon ƙafa, in bar shi haka. Allah ke nan, mai tsare wanda ya so.

Mun wuce Tsarnawa muka ɗauki hanyar Tawa, motar tana tafiya kamar ba ta taɓa ƙasa. Sai na fara jin ɗumi a ƙuguna. Na ƙara ƙarfin kilim, wato na'urar sanyaya mota. Fuskata ta yi sanyi, hannuwana suka yi sanyi, amma daga ƙugu zuwa cinyoyi kamar na zauna kan tukunyar tuwo. Na gyara zama, na karkata hagu, na karkata dama. Kawu yana gefe yana gyangyaɗi cikin jin daɗi.

A nan tsoro ya shigo. Ciwon da ya tafi da mahaifinmu da zafin baya ya fara, daga baya har fitsari yana kubce masa bai sani ba. Ni na yi jinyarsa, na san yadda abin yake. Ga ni da hawan jini, ga likita ya daɗe yana cewa in rage nama ina yi masa dariya. Na fara karanta duk addu'ar da na iya. Na tuna 'ya'yana shida, na tuna ƙaramin ko lakwal bai shiga ba. Ban tsaya ba, don mun riga mun makara: tun da muka bar kwalta bayan Illela motar nan take goga ciki a kan kowane tudu, ina bin hanya a hankali har mai amalanke ya wuce mu ya ɗaga mana hannu.

Mun isa an idar da azahar. Dattawan ƙauye sun shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin wata bishiyar bedi a gaban masallaci, ga liman, ga goro da dabino a faranti, ga Sha'aibu can gefe da abokansa yana ta leƙen hanya. Na tsayar da mota daidai gabansu. Kowa ya juyo. Abin da na daɗe ina mafarki ke nan.

Kafin in buɗe ƙofa na sa hannu ƙarƙashina. Jiƙe sharkaf. Wando, riga, har malum-malum. Na jawo gefen rigar na duba, shaddar nan mai haske ta yi wani baƙin tabo mai faɗin faifai. (Na sunsuna hannuna. Eh, na sunsuna. Turaren da na yi wanka da shi bai bar ni na gane komai ba.)

"Kawu," na ce a hankali, "ba ni iya hita. Ina jin ciwon Baba ya kama ni. Ruwa ya kubce min."

Kawu ya yi salati, ya fita. Ni na zauna cikin mota, inji na aiki, gilashi a rufe, ina kallon mutane suna kallona. Minti biyar, minti goma. Ku duba yadda abin yake daga waje: attajirin Konni ya zo cikin farar mota, ya ƙi sauka, yana shan kilim, dattawa suna zaune a ƙasa suna jiransa. Na ga wani baffan amarya ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya sa takalmi. Wani ya bi shi. Na ga Sha'aibu ya dafe kai da hannu biyu. Wallahi a lokacin na fi jin tausayinsa fiye da kaina, amma in tashi in taka tabarmar masallaci da najasa a jikina, gaban surukai, ƙafata ta ƙi.

Kawu ya auna mutuncina, ya auna auren Sha'aibu, ya ga wanda ya fi nauyi. Ya tsaya tsakiyar taro ya ɗaga murya yadda har matan da ke cikin gida suka ji.

"Jama'a, ku yi haƙuri, ba girman kai na ba. Lalura ta samu Alhaji bisa hanya. Hitsari ya kubce mishi."

Ta cikin gilashi na ji shi. Na sunkuyar da kai kan sitiyari, na roƙi Allah ya sa motar ta ƙarasa nutsewa cikin ƙasa, tunda dama saura kaɗan.

Wanda ya zo ya ƙwanƙwasa gilashin shi ne uban amarya da kansa, Baba Illo, riƙe da buta da wani zane a kafaɗa. Dogo ne siriri, mai furfura. Na buɗe ƙofa ban iya kallonsa ba.

"Alhaji, ciwo ba abin kumya ba ne. Taso mu zagaya baya, ni ka tare ka."

Ya sunkuyo zai kama hannuna, sai ya tsaya. Idonsa na kan fitilun nan uku jajaye. Ashe Baba Illo shekara goma sha biyar ya yi yana tuƙo motoci daga bakin teku kafin ya dawo noma. Ya sa tafin hannu a bayan kujerata, ya janye da sauri.

"Wa ya kunna wanga?"

"Ni. Na sanyaya kujera ne."

Na ga gemunsa yana rawa, yana ƙoƙarin riƙe kansa saboda ni baƙo ne.

"Alhaji, wanga murhu na. Don ƙasashen ƙanƙara anka yi shi. Tun ina kaka bisa shi?"

"Tun Konni."

Ya danna maɓallin sau uku, fitilun suka mutu, shi kuma ya zauna a ƙasa riƙe da buta yana dariya har da hawaye. "Zuhwa ta, Alhaji. Zuhwa ta kawai. Lahiyarka lau, dahuwa kay yi."

Ban san yadda zan kwatanta muku daɗin da na ji ba. An gaya wa gari guda na yi fitsari a wando, ana yi mini dariya, ni kuwa alhamdulillahi kawai nake maimaitawa. Ba ciwon Baba ba ne. Zan ga ƙaramin ɗana ya shiga lakwal.

Saura fitowa. Na yunƙura, kujera ta riƙe ni. Na sake yunƙurawa, gwiwa ta ƙi. Sai da Baba Illo ya kama hannu ɗaya, baffan nan da ya yi fushi ya dawo ya kama ɗayan, suka ce bisimilla suka finciko ni. Tambayar Hajiya Balki ta sami amsa: surukan ƙanena ne suka fiddo ni.

Baba Illo ya ara mini rigarsa ta Juma'a, wadda ta tsaya mini a ƙirji ta ƙi sauka, haka na zauna a tabarma na karɓi aure. Aka kawo ruwan rijiya a kwano, na shanye na nemi ƙari, kuma ba don in burge kowa ba, jikina ne babu sauran ruwa. Bayan fatiha liman ya matso ya tambaye ni cikin ladabi ko zai iya ɗan zama a kujerar, wai bayansa ya shekara yana damunsa. Kafin la'asar dattawa biyar sun bi layi an gasa musu baya, kowa ya fito yana sa mini albarka. Sha'aibu ya ce tun da yake zuwa ƙauyen bai taɓa ganin surukansa sun saki jiki da danginmu kamar ranar ba.

Washegari na mayar wa Alhaji Iro farar motarsa, ina godiya ga Allah da ban riga na ce na saya ba. Na ɗauki katkat. Hajiya Balki ta ji labarin tun kafin in iso gida (Kawu yana da waya). Ta shiga sabuwar motar, ta gyara mayafi, ta bi maɓallan gaba da ido ɗaya bayan ɗaya, sannan ta nuna wani mai hoton kujera da layuka uku.

"Alhaji, ga shi nan ma. Ni dai ban san harkar mota ba, amma kar ka taɓa wanga."

A ranar na sa aka liƙe shi da baƙin salatif, yana nan a liƙe har yau. Abin da na koya kuwa ba mai yawa ba ne: in zan sayi abu, in tambayi wadda ta san girman cikina, in kuma ban san aikin maɓalli ba, in fara gwada shi a kujerar Kawu.