Ranar da Na Sha Ruwa Don Hoton Wuya

Ko tsufa ya ci ni ba zan taɓa mantawa da ranar da na je Kano hoton wuya ba. Ni malamin firamare ne a Gaya, kuma na daɗe ina fama da ciwon ƙashi da kasala da yawan fitsari. Da aka gwada jinina, likita ya ce akwai wasu 'yan ƙululu huɗu a bayan maƙogwaro, kowanne kamar ƙwayar shinkafa, ɗaya ya fiye zaƙewa yana kwashe sinadarin ƙashina yana zubawa a jini. Sai an yi sikanin an gano wanne ne. In an gan shi, ɗan tsagi za a yi. In ba a gani ba, a buɗe wuyan a yi ta lalube. Ni kuwa ko kaza ake yankawa kau da kai nake yi.

Ina faɗa wa matata Hajara, sai ta gyara zama. Haihuwarta biyar, kowacce da sikanin, saboda haka a gidanmu ita ce farfesa.

"Malam, sirrin abin ruwa ne," in ji ta. "Ka sha har mararka ta cika, kuma kada ka kuskura ka zagaya. In ba haka ba, ba za su ga komai ba."

(Ban tambaye ta me ya haɗa mara da wuya ba. Tsoron wuƙa ya riga ya tafi da hankalina.)

Tun daga tashar Gaya na fara. A Wudil na ƙara fiya wata. Kafin mu shiga Kano, duk ramin da mota ta faɗa sai na yi salati. A asibiti kuma na tarar da layi, kusan duk mata masu juna biyu, ni kaɗai da hula a tsakiyarsu ina matse ƙafafu.

Da aka kira ni, sai ma'aikaciyar ta washe baki. "Lah, Malam! Ba ka gane ni ba? Rukayya ce, ta garin Balan. Kai ka koyar da mu a aji biyar."

Na amsa da fara'ar dole, na haye gado, kuma don ta san na san aikin, na yaye riga na buɗe mata tumbina. Cikin ladabi ta ja rigar ta rufe.

"Wuyan kawai, Malam."

Ta sa mini matashi a ƙarƙashin kafaɗa, ta shafa wani mai sanyi ƙarara, ta fara bin wuyana da na'urar. Wannan sanyin ne ya ƙarasa ni. Na fara mutsu-mutsu, gumi na keto mini.

"Malam, don Allah ka daina motsi. Ina hango ƙululun, sai ya ɓace."

Na cije. Na karanto duk addu'ar da na sani. Da na ga abin zai zama abin faɗa har Ajingi, sai kawai na ga hannuna ya tashi sama, yatsa ɗaya a miƙe.

"Rukayya, a taimaka... zan kama ruwa."

Da ta ji dalili, sai ta juya wa bango fuska, kafaɗunta na rawa. "Na masu ciki ne wannan, Malam. Jeka, ƙofa ta biyu a dama."

Na ratsa layin matan nan a guje, wuya na naso, takalmi ƙafa ɗaya. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Amma da na dawo na kwanta lamo, nan da nan ta nuna mini shi a allo, ɗan baƙin abu a gefen hagu. Aka yi aiki lafiya, tabon ma sai na nuna maka za ka gani.

Hajara har yau cewa take ruwan ne ya taimaka. Ni dai na koyi tambayar likita kafin in tambayi gida. Kuma yanzu duk yaron da ya ɗaga yatsa a ajina, kafin ya buɗe baki na ce, "Ruga!"