Yadda Ake Gyara Kwamfutar Gwaggo Ba Tare da An Ce Gwaggo Ta Yi Kuskure Ba

'Yar'uwa, in kwamfutar gidanku tana mutuwa da kanta ba ko sallama, kuma burauza, wato ƙofar nan da ake bi a shiga intanet, ta ƙi buɗewa ko an haɗa ta da Allah, to share hawayenki. Wannan hanya an gwada ta sau ɗaya, ta kuma yi aiki sau ɗaya. Kin ga ke nan ba ta taɓa ba da kunya ba.

Ba a buƙatar digiri. Wadda ta gano hanyar, a aji biyar na firamare ta tsaya, kuma suyar masa take yi a wani gidan abinci kusa da titin Fordham Road, a Bronx ta Amurka. Sunanta Zalika. In kika gaishe ta a hanya, takalminta za ta kalla ta amsa.

Kayan aiki: gwaggo ɗaya, kwamfuta ɗaya, gwangwanin tumatir biyu, kunya iya wadda kike da ita, da jiki mai jure zafi.

Mataki na 1: In an ce ke gwana ce, kada ki musa

Zalika ba ta taɓa cewa ta san kwamfuta ba. Abin da ya faru shi ne, bara wayar Gwaggo Aishatu Humaira ta daina magana, Zalika ta danna wani abu a gefe, murya ta dawo. Tun daga ranar Gwaggo take gaya wa matan unguwarsu, Concourse Village, cewa 'yar ƙanenta injiniya ce, shiru-shirun nan da kuke gani duk lissafi ne.

Ki lura da wannan: a garin nan mai surutu, duk wanda ya yi shiru ana ɗauka wani abu ya sani. Ki riƙe shirunki, shi ne takardar shaidarki.

Mataki na 2: Ki san abin da za a rasa, don tsoro ya kama ki yadda ya kamata

Gwaggo aikin kula da tsofaffi take yi a gidajensu. Shekara shida ke nan tana tare da wata tsohuwa da ba ta karɓar cokali daga hannun kowa sai nata, har tsohuwar ta iya cewa “sannu” da “ya isa” da Hausa. Kamfanin da ya ɗauki Gwaggo ya ce kowa ya yi jarrabawar shekara ta intanet kafin ƙarfe biyar na yammacin Juma'a. Wadda ba ta yi ba, ranar Litinin wata za a tura gidan tsohuwarta.

Wata biyu aka ba su. Gwaggo ta fara ranar Juma'ar, bayan azahar.

Kada ki ce mata ba a fafe gora ranar tafiya. Ita ta koya miki karin maganar, kuma ba don a mayar mata da ita ta koyar ba.

Mataki na 3: Ki saurari majinyaciya ta bakin mai jinya

Ƙarfe biyu da rabi Zalika ta shigo daga aiki, tana ƙamshin mai da albasa, ta tarar da Gwaggo tsaye a falo ta riƙe ƙugu. Gwaggo ta zayyana mata: in an kunna kwamfutar sai ta yi ta huci kamar wadda ta hau bene hawa shida da buhun shinkafa, ta yi minti goma, sai ɗif. An sake kunnawa, ɗif. Burauzar kuwa an danna ta har yatsa ya gaji, ko ƙyaftawa ba ta yi.

A nan ki gyaɗa kai a hankali ki ce “to”. In an ƙara bayani ki ce “to fa”. Manyan injiniyoyi ma iyakarsu ke nan, sai dai su da Turanci suke faɗa.

Mataki na 4: Ki nemi mai kayan, don ki tabbatar ba shi da amfani

Dikko ɗan Gwaggo ne ya aiko da laftof ɗin daga Ohio, kyautarsa ta farko tun da ya fara aiki. Zalika ta kira shi sau uku. A na huɗu ya turo saƙo da Turanci, kalma biyu, ma'anarsu a kashe a kunna.

Gwaggo ta ce a gaya masa ai ita kwamfutar ta riga shi, kashe kanta take yi ba sai an taya ta ba.

Mataki na 5: Ki bar maƙwabci ya faɗi nasa

Dole ne wani namiji ya leƙo. A nasu benen Malam Abdou ne, mutumin Zinder, direban tasi, ya dawo daga masallaci ya ji hayaniya. Bai taɓa kwamfutar ba, daga bakin ƙofa ya auna ta. Ya ce birus ne, cutar kwamfuta, babba kuwa, irin wanda ya kashe ta wani abokinsa a Harlem. Ya ce a saka ta cikin buhun shinkafa ta kwana uku. Da aka ce masa ba ruwa ta faɗa ba, ya ce to ai rigakafi ya fi magani. Ya ƙara da wata magana da Faransanci wadda daga jin sautinta ta'aziyya ce, ya karɓi masa huɗu a leda, ya tafi.

Kada ki raina wannan mataki. Bai gyara komai ba, amma ya cinye minti ashirin da biyar, kuma tsoro yana buɗe ƙwaƙwalwa.

Mataki na 6: Yanzu ki je ki ga kwamfutar da idonki

Ga inda take. Kin san hitar gidajen Bronx, ƙarfen nan da ke jikin bango yana tsaki yana tofar da tururi, wanda ba a rage shi, sai dai a buɗe taga a tsakiyar Janairu. Gwaggo ta ɗora katako a kansa, a nan take ajiye kular tuwo don kada ya huce. To a gefen kular kwamfutar take. An naɗe ta da bargon nan mai nauyi mai hoton damisa, an ƙara da zani biyu, fuskarta kawai da madannai ke waje, kamar jaririyar da aka yi wa wankan safe.

Gwaggo tana da hujja, kuma hujjar ba ta banza ba ce. Wata rana a tashar bas, cikin ƙanƙara, wayarta ta mutu da caji a cikinta, sai da ta sa ta a hammata ta farfaɗo. Tun ranar ta gane cewa kayan lantarki sanyi ke kashe su. Saboda haka duk sanda kwamfutar ta mutu, sai ta ƙara mata zani.

Zalika ta zura hannu ƙarƙashin bargon ta taɓa gindin kwamfutar, ta janye da sauri. Ba ta san birus ba, amma ta san tanda. Wannan zafin, da za a zuba ƙullu, masa za ta tashi har da ido. Ta kuma ji 'yan ramukan da iska ke fita ta cikinsu, duk gashin bargo ya toshe su. Kowace mai girki ta san tukunyar da aka danne wa murfi ba ta da mafita sai bori.

Kin gano cutar. Kada ki yi murna, yanzu aikin ya fara.

Mataki na 7: Kada ki faɗi gaskiya

Wannan matar ita ta tarbe ki a filin jirgi da rigar sanyi a hannu. Ita ta koya miki hawa jirgin ƙasa, ta nema miki aikin masa, ta raba miki ɗakinta da labule. Da wane bakin za ki ce mata, Gwaggo ke kike dafa kyautar ɗanki? Zalika ta buɗe baki, maganar ta zo maƙogwaro, ta leƙo ta ga fuskar Gwaggo, ta koma.

Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Abin da yaro ya taɓo da hannu kuwa, sai ya nemi dabarar da babba zai hango shi da kansa.

Agogo ya nuna uku da kwata.

Mataki na 8: Ki ji sanyi

Zalika ta rungume hannuwanta, ta ɗan kaɗa haƙora, ta ce da ƙaramar murya, “Gwaggo, sanyi nake ji. Ko za ki ara mini bargon nan?”

Falon kuwa, ko singileti aka sa sai an yi gumi.

Gwaggo ta kalli kwamfutar ɗanta, ta kalli 'yar ƙanenta. Ba ta yi dogon tunani ba, a faɗi gaskiya. Ta warware damisa ta naɗe Zalika, ta ƙara mata zani biyun, ta ce maza ta zauna jikin hita, wurin ya fi ɗumi. Kwamfuta dole ta ba da wuri, aka mai da ita teburin cin abinci, tsirara. Daga cikin bargo Zalika ta ba da shawara a ɗora ta kan gwangwanin tumatir biyu, wai don kada wuyan Gwaggo ya ƙage. Iska ta samu hanya ta ƙasa.

Gwaggo ta rufe taga, saboda mara lafiya.

Mataki na 9: Burauza

Bayan minti goma aka kunna. Hucin ya ragu, ya koma numfashin mai barci. Gwaggo ta hau danna burauza, tana yi tana ƙirga laifinta. Zalika ta roƙe ta ta bari haka, a ba ta lokaci. Ashe kwamfutar tana jin kowane dannawa, nauyin jiki ne ya hana ta amsawa. Can sai ga burauza ta buɗe. Ta sake buɗewa a kan ta farko. Ta sake. Suka yi ta fitowa kamar 'yan biki daga motar haya, har sai da suka cika fuskar kwamfutar.

Wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa sau talatin, sau talatin za a ce masa shigo.

Zalika ta jawo bargonta ta zo, ta fito da yatsa ɗaya, ta rufe su ɗaya bayan ɗaya, ta bar guda. Ki yi wannan a natse, kina ɗan tsuke baki. Gwaggo ta ce ko a asibiti ba ta ga an yi aiki da nutsuwa haka ba.

Doka daga yau: sau biyu ake dannawa, sai a naɗe hannu a yi salati.

Mataki na 10: Ki shanye abin da aka ba ki

Huɗu saura minti goma Gwaggo ta fara jarrabawa. Aikinta ne, ta san shi kamar yunwar cikinta, tana karantawa da ƙarfi tana yi wa masu tambayar faɗa. Amma duk bayan tambaya biyar sai ta waiwayo ta ga gumi na tsiyaya daga haɓar Zalika, ta ce zazzaɓin ne ke fita, alhamdulillahi. Ta tashi ta dama mata kunu da citta da kanumfari da barkono, ta tsaya a kanta sai da ta shanye. Ta shafa mata man zafi a wuya. Ta ɗauko hular sanyin Dikko ta tun yana makaranta ta kifa mata.

Kada ki motsa. In kika ce kin warke, damisa za ta koma kan kwamfuta. Zalika ta zauna jikin hita, gefen kular tuwo, ita da tuwon suna dahuwa tare, tana kallon fitilar kwamfuta tana addu'a kada ta ɗauke.

Mataki na 11: Ki bar tambaya ta ƙarshe ta yi miki magana

Biyar saura minti bakwai Gwaggo ta iso ta ƙarshe. Ta karanta, ta fassara wa kanta da Hausa: in ka taɓa wanda kake kula da shi ka ji jikinsa ya yi zafi ƙwarai, ƙara masa mayafi za ka yi, ko rage masa za ka yi iska ta shige shi?

Ta yi tsaki ta ce wannan ai ko yaro ya sani, ragewa ake yi. Ta danna. Kore ya fito, ta ci.

Sai ta ɗago kai.

Ta kalli kwamfutar a kan gwangwani, tsirara, awa ɗaya da rabi ko tari ba ta yi ba. Ta kalli katakon hita. Ta kalli Zalika, wadda idanunta kawai suka rage a waje. Ta miƙe ta buɗe taga, ta zo ta cire hular, ta warware zani, ta warware na biyu, ta yaye damisa ta ninke. Ta taɓa goshin Zalika da bayan hannu, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Sannan ta ce, “Kin san wani abu da na gano yau? Kwamfutar Amurka ba ta son bargo.”

Zalika ta kalli ƙafarta ta ce, “Allah ya ƙara basira, Gwaggo.”

“Amin. Tashi ki yi wanka, kin jiƙa mini kujera.” Har Zalika ta kai ƙofar banɗaki ta ji Gwaggo ta ƙara da cewa, can ƙasa-ƙasa, kamar da kular tuwo take magana, “'Yar nema, da bakinki kamar na mutane, amma kika kasa faɗa mini.”

Ranar Litinin tsohuwa ta karɓi cokali daga hannun da ta sani, ta ce “ya isa” tun a loma ta uku. Kwamfuta tana nan kan gwangwaninta, an ajiye mata mafici a gefe. Matan bene kuwa sun ji labari daga bakin Gwaggo cewa ita ta gano cutar, injiniya ta ɗan taimaka da riƙe bargo.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta da hannu a ƙurajen zafi, ko ƙunar harshe daga kunun citta, ko warin man zafi da zai bi ki wurin aiki kwana uku. In kwamfutarku ta ci gaba da mutuwa bayan an tuɓe ta, ku kai ta wurin masu gyara na gaskiya, kada ku zo gidan masa kuna tambayar kowa. In gwaggonki ba ta da tausayi ta hana ki bargon, wannan matsalar gidanku ce. Wanda ya bi shawarar Malam Abdou, shi da shinkafarsa. Kuma in wannan takarda ta faɗa hannun wata Gwaggo Aishatu Humaira ta Concourse Village, to wata Zalikar ake nufi, ta can Staten Island, kuma ita sanyin gaske ta ji.