Rasuwar Randar Tace Ruwa ta Inna Dela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ciki mai murɗawa har yanzu, Inna Dela mai tuwo ta kasuwar Bagudo tana sanar da 'yan'uwa na Kaoje da Bahindi, da na ƙetaren iyaka a ƙasar Dahome, rasuwar randarta ta tace ruwa, wadda ta cika ana jajibirin bikin samun mulkin kai.

Wani dubagari ne ya haɗa marigayiyar da tsakuwa da yashi, ya huda mata gindi. A saman yashin wani kore mai yauƙi ya tsiro, cike da ƙananan halittun da ido ba ya gani, kuma su ne ke cinye dattin. Dela kanta ba ta iya kallonsa sai ta tofar da yawu. Amma ruwan gulbin nan da shanu ke fitsari a ciki, ake wanke hanji da tsumman jarirai, in ya bi ta cikin randar sai ya fito garau. Ba ta taɓa ɗaga murya ba. Iyakarta ɗis, ɗis, ɗis.

Ajalinta ya zo ta hannun Maliki, mijin 'yar Dela, wanda ya ƙetaro iyaka don biki. Ya leƙa ciki, ya toshe hanci, ya ce, “Inna, wagga ƙazanta kuka ba mutane?” Dela na fita cefane ya kankare koren tas, ya bi da toka da tafasasshen ruwa, har da turare. Ta dawo ta tarar da shi yana jiran godiya.

Kashegari aka ɗaga tuta, aka ci tuwo, aka sha ruwan randar. Kafin la'asar makaɗa da mahaya duk sun watse cikin gonar dawa, kowa riƙe da mazagi. Warin bai bar bayan kasuwa ba sai da aka yi ruwan sama.

Ta rasu ta bar moɗa ɗaya, da tulu biyu marayu, da jikan Dela da ke kwance a asibiti, da rumfar da ƙudaje kaɗai ke ziyarta.

Za a kai yashinta bakin gulbi ranar Laraba da hantsi, Maliki ne zai ɗauka a ka. Masu zuwa ta'aziyya, don Allah kowa ya zo da ruwan shansa.