Ranar da Na Ƙona Aikin Shekara Guda

Lokacin da arzikin man fetur ya ɗora kowane malamin makaranta kan babur, na gama gyara littafina na matasa. Shekara guda na yi ina sake kwafe shi da hannu. Kowane shafi da Bisimilla na fara, don haka tsohon kwafin ba na bola ba ne, sai wuta.

Na hura ta a tsakar gida. Matata ta ce, "Malam, ka dai duba."

Na ce marubuci ko ido rufe ya san takardunsa.

Washegari na tashi daga Tambuwal zuwa Kebbe, inda hedimasta ya tara mini ɗalibai. Na buɗe jaka, sai ga tsohon kwafi, duk soke-soke. Ashe sabon na ƙona! Na dake na karanta. Jarumin ya nutse a kogi a shafi na tara, a na goma ga shi yana shan fura.

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu: "Malam, wanga ba ɗazu ya mutu ba?"

Har yau in itace ya ƙare, matata sai ta leƙo ɗakina: "Malam, ba ka gama wani littafin ba?"