Rasuwar Goggo Mai Auna Ƙasar Saiwoyi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, na shekaru huɗun da ta cinye mini, ba na rashinta ba, nake sanar da rasuwar na'urar auna launi ta ɗakin gwajinmu, wadda ɗalibai ke kira Goggo. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara talatin da ɗaya, a tsakiyar aikin da ba ta taɓa iyawa ba.

Ni ce ke shiga daji da ƙaramin shebur, in durƙusa a gindin bishiya cinnaku na cizona, in tono saiwoyi, in karkaɗe ƙasar da ta manne musu. Ni ce ke jiƙa ƙasar, in ɗiga mata magani, in jira ruwan ya koma rawaya. Gwargwadon rawayar, gwargwadon ƙarfin enzayim, wato sinadarin da saiwa ke fitarwa don narkar da abincinta a cikin ƙasa. Goggo kuwa abu ɗaya aka roƙe ta: ta kalli ruwan ta faɗi lamba.

Marigayiya ba ta da taurin kai a kan ra'ayi: kwalba ɗaya, amsa uku. Ba ta da nuna bambanci: na taɓa zuba mata ruwan famfo, ta shaida cewa ƙasar kurmi ce mai albarka. Kullum sai ta yi minti arba'in tana "ƙirrr, tik, tik," kamar mai shirin abin kirki, sannan a mare ta a kuncin hagu kafin ta buɗe ido. Sau biyar ina kai ƙararta wurin Farfesa. Ya ce da ita ya yi digirinsa na uku, hannun ɗaliban zamani ne dai ke rawa.

Ciwon ajalinta ya same ta ne da kwalabe ɗari da ashirin a gabanta, na ƙarshe da na samo daga dajin da nake bincike, mako guda kafin masu katako su shige shi. Ƙasar ba ta ajiyuwa, don haka na jiƙa ta duka. A kwalba ta arba'in da ɗaya Goggo ta ce "fiiit," ɗaki ya ɗauki ƙaurin waya. Ina zaune launin sauran saba'in da tara ya dusashe. Dajin kuwa yanzu sai kututture.

Ta rasu ta bar Farfesa, angonta na fari. Da Baba mai kula da ɗakin gwaji, wanda hannunsa zai huta. Da iyalan kyankyasai da ke zaune a cikinta tun kakanninsu. Da ni, da babi na huɗu na kundin digirina fari fat, da mahaifiyata da ke tambayata a waya ko karatun nan na gado ne.

Za a ɗauki gawar ranar Alhamis da ƙarfe biyu zuwa sito na ƙarƙashin bene. Mutum huɗu ake buƙata, don ko a mace nauyi ce ga jama'a. Sai dai ana roƙon masu rakiya kada kowa ya furta kalmar rasuwa. Ba a sayo sabuwa sai tsohuwa ta mutu, Farfesa kuwa ya riga ya liƙa mata takarda a goshi da rubutun hannunsa: ANA GYARA.