Nomau da Takardar Malam Ɗahiru

A ƙauyenmu akwai wani mutum ana ce masa Nomau. Ba shi da mugunta ko kaɗan, matsalarsa ɗaya ce: abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Yana zaune da matarsa Kande, wadda Allah ya yi wa haƙurin da ni dai ba ni da shi. Ƙanensa Sagir da ke aiki a birni shi ya samo masa gurbi a wani horo na koyon rubuta manhaja, ya aiko masa da tsohuwar kwamfutarsa da takarda mai mataki goma sha biyu daga mai koyarwa, Malam Ɗahiru. Sharaɗin a fili yake: wanda ya zo ranar Litinin kwamfutarsa ba a shirye ba, gida zai koma. Nomau kuwa bai taɓa son wani abu kamar gurbin nan ba, don ya gaji da zama abin dariyar majalisa.

Wata rana ya fara da mataki na ɗaya, wanda ya ce a yi daidai yadda aka nuna a hoto. A hoton, malamin ya rubuta sunansa a gurbin suna. Nomau ma ya rubuta Ɗahiru. Tun daga nan, da ya buɗe kwamfutar sai ta nuna masa sunan. Kande ta kira shi cin tuwo har sau uku, ko waiwaye bai yi ba.

"Maigida, kurma ka zama?"

"In tana buɗe sunana Ɗahiru, Kande. Ki jira in rufe."

Wata rana kwamfutar ta nemi kalmar sirri. Nomau ya duba takarda, ya ga an ce kada a ba kowa. Ya naɗe hannu ya dubi allon.

"Ba zan ba ki ba. Jiya-jiya muka san juna."

Kwana biyu suna zaman doya da manja, ita tana tambaya, shi yana ƙi. Sai da Sagir ya bugo waya ya rantse masa cewa shi zai ɗauki alhakin, sannan ya danna, yana kare madannan da hularsa.

Wata rana aka zo sauke manhajar Python. A garinmu sabis ba ya kamawa sai a kan dutsen bayan makaranta, can ya hau tun da hantsi. Takarda ta ce kada a rufe kwamfuta kuma kada a motsa ta har a gama. Da la'asar hadari ya taso. Nomau ya tuɓe rigarsa ya yi mata rumfa, ya ƙwala wa Kande kira ta kawo kwallar wanki ta kifa a kai. Wallahi da na hango su daga gona, tausayi ya hana ni dariya.

Wata rana jan rubutu ya cika allon. Takarda ta ce in haka ta faru a ɗauki hoto a aika wa malam. Nomau ya sa kayan sallarsa, ya kai kwamfutar wurin mai hoto a kasuwa, aka ɗora ta a kujera gaban labule mai furanni, shi kuma ya tsaya ya dafa ta. Direban motar kasuwa ya kai wa malam hoton a ambulan. Malam Ɗahiru ya bugo yana cewa, "Rubutun bai fito ba, Malam Nomau, amma hular ta yi kyau."

Ɓarnar ƙarshe ita ta fi tayar wa Sagir da hankali. Takardar ta kasu uku, kowane irin kwamfuta da nasa sashe, amma a sama an rubuta kada a tsallake ko mataki ɗaya. Nomau ya koma kan dutse ya sauke na iri ukun duka, ya kwafe su a filashi kamar yadda mataki na ƙarshe ya ce. Kwamfutar ta cika maƙil, jan rubutun kuma yana nan.

Ranar Litinin a cibiyar horon, Malam Ɗahiru ya duba kwamfutar Nomau ya girgiza kai. Nomau ya fara naɗe wayar caji, idonsa ya ciko. Sai aka gano cewa intanet ɗin cibiyar ya ɗauke tun safe, kuma cikin mutum ashirin, sha uku ba su gama saukewa ba. Malam ya ce tunda babu yadda za a samo manhajar, kowa ya tafi.

Nomau ya ɗaga hannu. "Malam, wane iri ake nema? Duk ukun suna aljihuna."

Filashin ya zaga ajin kujera-kujera, kafin azahar kowa ya shirya. Malamin da kansa ya goge abin da ya cushe kwamfutar Nomau, jan rubutun ya ɓace. Sannan ya buɗe rajista ya ce shi za a fara rubutawa.

"Bawan Allah, faɗi cikakken sunanka."

Nomau ya leƙa kwamfutarsa, ya ga a buɗe take.

"Ɗahiru," ya ce.